Soson Gargajiya, Soson Ƙarfe da Burushi: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Uwargida?

A wajen masu sayar da kayan kicin a Kasuwar Wunti da ke Bauchi, soson wanke-wanke ya kai kala biyar ko shida: na katifa mai koren baya, na ƙarfe a dunƙule cikin leda, na raga, na buhu, sai na gargajiya da ake tarawa a gefe kamar an manta da shi. Yawancin masu saye wanda hannu ya fara kaiwa suke ɗauka, bayan mako biyu a jefar a sayo wani. Mun auna su ne da tambayoyin da suka shafi mai wanke-wanke kai tsaye: yana fitar da datti? Yana cin kwano? Yana bushewa da wuri? In ya mutu, ina yake ƙarewa? Hukuncinmu shi ne gida na buƙatar abu uku, soson gargajiya don aikin kullum, soson ƙarfe mai nagarta don gindin tukunya kaɗai, da burushi mai mariƙin katako don lungunan da soso ba ya shiga. Sauran duk ana iya rayuwa ba su.

Soson katifa shi ya fi kasuwa, kuma shi ya fi ba mu takaici. Farin jininsa kumfa ne: ɗigon sabulu kaɗan, ya cika hannu. Amma jikinsa roba ce, koren bayan kuma zaren roba ne da aka manna wa garin gogewa. Yana soma aiki yake soma marmashewa, ɓurɓushin ya bi ruwan wanke-wanke ya fita ta rariya zuwa kwata, ba ya ruɓewa, ba ya zama taki. Babban aibinsa ma ba wannan ba ne, riƙe ruwa ne. A matse shi yadda za a matse, cikinsa na nan da danshi da maiƙo da guntun abinci. A 2017 masu bincike a Jamus sun duba soso 14 da aka yi aiki da su a gidaje, suka iske wani wurin a cikin soso na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya har biliyan 54 a ɗan yankin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa ba su wuce santimita ɗaya-ɗaya ba, suka ba da shawarar a riƙa sauyawa duk mako. Wanda ya bi wannan shawara zai zubar da soso 52 a shekara. Wanda bai bi ba, da soso mai ƙarni zai riƙa wanke kofin shan ruwan yaransa. Ko ta ina aka duba, araha ba ta ado.

Soson gargajiya ɗan wata shuka ce mai yaɗo, dangin duma da kabewa, wadda ke hawa danga da katanga da damina, mai fure rawaya. In ɗan ya ƙosa ya bushe, a ɓare ɓawon, abin da ya rage saƙar zare ce ta halitta mai ƙofofi manya-manya. Waɗannan ƙofofin su ne sirrinsa: iska na ratsa shi, ruwa ba ya kwana a ciki. Mutane sun fi saninsa da wanka, shi ya sa aka raina shi a wanke-wanke, alhali a nan ya fi nuna kansa.

Ba kowanne ne na saye ba. A ɗauka a matse a tafin hannu: mai kyau zai koma yadda yake, wanda aka cire bai ƙosa ba zai lotse ya zauna, wanda ya tsufa a rana kuma zai yi ƙaras-ƙaras ya zubo da gari. A ɗaga shi wajen haske. In saƙar ta yi yawa har da ƙyar ake hango haske, wannan na tukunya ne kuma zai daɗe. In ta yi sako-sako, na kofi da faranti ne, kwanansa kaɗan. Launin da ake so shi ne na bambaro, fari-fari mai ratsin ƙasa-ƙasa. Wanda ya yi fari fat an jiƙa shi ne a bilic, ya yi kyau a ido amma zarensa ya riga ya raunana. Baƙin ɗigo-ɗigo a jiki alamar ruwa ya dake shi ya yi funfuna, a bar shi. A kuma sansana, soso mai lafiya warin ciyawa busasshiya yake yi. Lokacin da ya fi samuwa da kyau shi ne daga kaka zuwa cikin hunturu, kuma tun da busasshe ba ya lalacewa in ba ruwa ya taɓa shi ba, gara a sayi na shekara a lokacin a rataye a buhun da iska ke shiga.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki soso guda sukutum a shiga wanke-wanke da shi. Ya yi wa hannu girma, tsakiyarsa ba ta bushewa, ya lalace gaba ɗaya a lokaci guda. Soso mai tsawon santimita 30 zuwa 40 yanka uku ko huɗu ake yi masa, kowane yanki kamar faɗin tafin hannu. Yanka iri biyu ne, kowanne da aikinsa. In an yanka shi a gicciye, ana samun ƙawanya mai ramuka a tsakiya, ta dace da bakin kofi da cokali da ludayi. In an tsaga shi a tsaye da almakashi aka buɗe, sai a cire ƙashin tsakiyar: bangon waje ya zama shimfiɗaɗɗe mai laushi na faranti da kwano, ƙashin kuwa mai tauri ne, ya yi daidai da cikin tukunyar miya. A kakkaɓe 'ya'yan da suka maƙale, a jiƙa yankin a ruwan zafi minti goma ya saki jiki, a huda gefe a zura igiya ta ratayewa. Wannan igiyar kada a raina ta, rabin rayuwar soson a kanta yake.

Yana da aibobinsa, kuma ya kamata a faɗe su. Ba ya riƙe kumfa kamar na katifa, don haka mai wanke-wanken da ta saba ganin kumfa sai ta yi ta ƙara sabulu tana ganin bai kama ba. Maganin shi ne kada a zuba sabulun a kan soso: a narka ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa, ko na omo, a rabin lita na ruwa cikin ɗan kwano, a riƙa tsoma soson. Haka sabulu ya fi auki ko da wane soso ake aiki. Na biyu, ƙwayar shinkafa da guntun ƙwai na shiga ƙofofinsa su maƙale, dole a kwashe ragowar abinci kafin a sa shi. Miyar kuka da kuɓewa ma in ba a fara ɗauraye kwanon da ruwa zalla ba, yauƙin zai cika soson ya riƙa santsi ba ya kama komai. Na uku, a watan Agusta da rana kan kwana biyu ba ta fito ba, in an bar shi a baho zai yi baƙi cikin 'yan kwanaki. Sannan ba ya cire ƙanzo, ba aikinsa ba ne. A gida mai mutum takwas zuwa goma, yanki ɗaya kan yi mako uku zuwa huɗu in ana shanya shi. Ke nan soso biyar ko shida sun isa shekara. In ya mutu a jefa shi a ramin taki, ko a kunna wuta da shi.

Inda babu mai kama ƙafarsa shi ne kayan da ba sa son kaushi. Langa da fanteka da samira fentinsu gilashi ne aka narka a kan ƙarfe. Yashi ko soson ƙarfe na kashe masa ƙyalli, daga nan maiƙo ya samu wurin zama, inda ya ɓantare kuma tsatsa ta shiga. Kaskon nan mai baƙin shafi da ba ya kama abinci, wanda ake kira nonsitik, goga ɗaya da ƙarfe ta isa ta soma ɗaye shi, kuma ba a gyarawa. Jiƙaƙƙen soson gargajiya na wanke su duka ba tabo. Ƙwaryar fura da nono, da akushi, da muciya, su kuma jikinsu na shan abu. In an wanke ƙwarya da omo mai ƙamshi, gobe furar za ta ɗauki ƙamshin. A ɗauraye ta da ruwan sanyi da zarar an gama, don zafi na daskarar da nono a jiki, sannan a cuɗa da soso da ruwan ɗumi da ɗan sabulu mara turare, a kife ta a inda iska ke kaɗawa. Ba a barin ƙwarya ko akushi su kwana a ruwa, kuma da hunturu ba a barinsu su wuni a rana, tsagewa suke yi.

Soson ƙarfe kuwa mun ba shi wuri a cikin ukun, amma da sharaɗi. Iri biyu ne a kasuwa kuma a ido sun yi kama. Akwai na siririyar waya mara nauyi, wanda in ya kwana da danshi gobe za a ga jan ruwa a ƙarƙashinsa. Wannan asarar kuɗi ne, yana kakkaryewa, kuma guntayensa na iya maƙalewa a tukunya su shiga abinci. Akwai na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka murɗa daga dogon zare guda mai faɗi kamar ƙaramin ribon. A gwada nauyinsu a hannu, mai nauyin ya fi. A ja zaren kaɗan: in ya miƙe ya koma, da kyau, in gutsattsari suka zubo a tafin hannu, a ajiye. Maganaɗisu ba ya raba gardama a nan, domin irin ƙarfen da ake yin soso mai kyau da shi ma yana kama maganaɗisu. Gwajin gaskiya a gida ake yi: a jiƙa shi a ɗora a farin faranti ya kwana. Mai kyau kan yi watanni, kuma in ya gaji ƙarfe ne zalla, a tara wa 'yan jari-bola maimakon a jefa a kwata.

Sharaɗin shi ne wajen tukunya da gindinta, ban da cikinta. Tukunyar da muke kira ta dalma, wadda maƙera ke zubawa, asalinta alminiyom ne da aka narka daga tsofaffin kayayyaki, kuma ƙarfe ne mai taushi. Ruwan nan mai launin toka da ke fita in ana dirzarta ba datti ba ne, jikin tukunyar ne ke tafiya. Dishi-dishin da cikinta ke yi bayan an daɗe ana girki wata fata ce da ke raba ƙarfen da abinci, duk ranar da aka goge ta har ta yi ƙyalli an buɗe sabon ƙarfe ga miya mai tsami. Abin ya wuce batun tukunya ta yi saurin hujewa. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna irin waɗannan tukwane na narkakkun tarkace na sakin gubar dalma ta gaske in an tafasa abu mai tsami a ciki. Saboda haka ƙyallin cikin tukunya ba abin nema ba ne. A wanke cikin da ƙashin soson gargajiya, ya fita tas daga maiƙo, a bar masa dishi-dishinsa.

To ƙanzo fa? Ƙanzon tuwo ruwa ke cire shi, ba ƙarfi ba. Da zarar an kwashe, a zuba ruwa ya rufe gindin da kamar yatsa biyu, a rufe, a bar shi a kan sauran garwashi. Kafin a gama cin abinci ya ɗago, a bi shi da mara ko cokalin katako ya fita falle-falle. Wanda ya ƙone ƙurmus, kamar na shinkafa dafa-duka, a tafasa ruwan minti goma a bar shi ya huce. Mai son cin ƙanzonsa ya ɓamɓare abinsa tun da zafi, sauran a jiƙa. Baƙin waje kuma rigakafinsa ya fi sauƙi, kuma dabara ce ta iyaye: kafin a ɗora tukunya a murhun itace, a dama toka da ruwa ta yi kauri a shafe gindinta da gefenta, ko a goga jiƙaƙƙen sabulu. Hayaƙin sai ya zauna a kan shafin maimakon ƙarfen, ya fita da ɗan gugan soso. Gidan da ya riƙe wannan, soson ƙarfensa sau ɗaya ko biyu a mako zai sauko daga ƙusa.

Toka ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce sabulun da ba a saye. Tana da kaifi irin na kanwa, in ta haɗu da maiƙo da ruwan ɗumi tana narkar da shi, garinta kuma na gogewa a hankali. Ga tukunyar da aka soya nama ko aka yi miyar manja, cokali biyu na tankaɗaɗɗiyar toka da ɗan ruwan zafi, a bar shi minti biyar, ya fi a ƙarar da rabin leda na omo. Sai an kiyaye abu uku. A tankaɗe ta da tsohuwar rariya, don tsakuwa da guntun gawayi su ne ke karce kwano. A tabbatar tokar itace ce ko ta gawayi zalla. In da leda aka kunna wutar, ko an ƙona katako mai fenti ko shara a murhun, wannan tokar ba ta zuwa kusa da kwanon abinci. Sannan kada a bar ruwan toka ya jima a cikin tukunyar dalma, yana cinta yana baƙanta ta. Tana kuma busar da hannu ƙwarai, da hunturu har ta tsaga fata, don haka a ɗauraye hannu a shafa man kaɗanya. Yashi kuwa mun cire shi gaba ɗaya. Yana fitar da baƙi da sauri, amma shi ke sa tukunya ta yi sirara har ta huje, kuma yashin tsakar gida inda kaji da awaki ke yawo ba abin sawa a kayan abinci ba ne. Totuwar masara busasshiya da aka ɗan babbaka, a dangwala toka, tana yin aikin da ake nema a wajen yashi.

A Bauchi, garin da masa ta yi suna, dole a ce wani abu game da tanda. Abin da ke hana masa kamawa shi ne man da ya daɗe yana ƙonewa a ramukan har ya zama baƙar fata mai santsi. Wanda ya sa wa tanda soson ƙarfe da omo don ta yi fes ya kankare wannan fatar, kuma zubin farko na gobe zai kama ya farfashe. In an tashi, tun tana da ɗumi a zuba ɗan gishiri mai tsakuwa a kowane rami, a murza da tsumman auduga, a kakkaɓe, a shafa mai kaɗan, a kife. In har sai an sa ruwa, to ruwan zafi da soson gargajiya, a mayar da ita kan wuta ta bushe kafin a shafa man.

Burushi shi ne abin da yawancin gidaje ba su da shi, kuma rashinsa na nunawa a rariyar tace taliya, magogin kuɓewa, gindin bilanda, murfin kula, turmi, da wuyan filas. Soso a waɗannan wurare yagewa yake yi ya bar zarensa. Burushi kuma ya fi soson katifa saurin bushewa. Masu bincike a Norway da suka gwada su sun iske ƙwayoyin da ke sa ciwon ciki sun fi saurin mutuwa a burushi saboda wannan dalili. Ga shi hannu ba ya shiga ruwan zafi. A nemi mai mariƙin katako da gashin tsiro, na zaren kwakwar attagara ko makamancinsa. Gane gashin ba wuya: a tsinke silin guda a kusanta da ashana, na tsiro zai ci wuta ya zama toka da warin takarda, na roba zai narke ya dunƙule. A ja gashin da yatsa, in ya biyo hannu tun a shago, a kwano ma haka zai yi. Abin da ke kashe shi shi ne a bar shi tsaye a ruwa: katakon ya kumbura, hunturu ya zo ya tsage, gashin ya zube. A rataye shi gashin na kallon ƙasa, a shafa wa mariƙin man gyaɗa sau ɗaya a wata. Inda ba a samu ba, ɗan guntun sabuwar tsintsiyar kwakwa mai tsawon taƙi, a ɗaure ta tam a keɓe ta ga kicin, tana wanke turmi da rariya sosai.

Soson buhu yana da masu kare shi, kuma suna da hujja: kyauta ne, abin da za a zubar ne aka mayar abin amfani, yana kumfa, yana bushewa da wuri. Mun fifita shi a kan na katifa. Amma roba ne, bakinsa na warwarewa, zaren ya bi rariya ya haɗu da leda ya toshe magudana, ko akuya ta haɗiye. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin dabbobin cikin gari. Rana kuma na cinsa har ya koma gari. In za a yi aiki da shi, a ninka biyu a kalmashe bakin a ɗinke, a shanya a inuwa. Kuma buhun shinkafa ko na sukari kaɗai. Buhun takin zamani, na siminti, ko wanda aka adana wake da magani a ciki, wanki ba ya mayar da shi abin wanke kwano. Masu iya saƙa da kwarashi na iya samun siffar soson buhu ba robarsa, in suka saƙa igiyar rama ko zaren buhun algarara faɗin tafin hannu. Sai dai shi yana son rana sosai don yana daɗewa bai bushe ba.

Kayan waje da ake tallatawa a intanet da manyan shaguna da sunan kare muhalli, a yi musu kallon tsanaki. Soson silikon mai ƙananan haƙora ba ya wari, ana iya tafasa shi, zai yi shekaru, amma ba ya kumfa kuma a kan maiƙon manja zamewa kawai yake yi. Ba mu ga dalilin sayensa ba. Tsumman Suwidin, wanda aka ƙirƙiro a 1949 daga ɓargon itace da auduga, yana shan ruwa ƙwarai, yana bushewa ƙam, yana ruɓewa in an binne. Na share tebur da murhun gas ne, ba na tukunya ba, kuma tsohon zanen atamfa na auduga da aka yanka aka kalmashe na yin kusan aikinsa. Wanda aka rubuta a ledarsa cewa da zaren itacen gora aka yi shi, sau da yawa an gauraya shi da zaren roba, gwajin ashana zai tona. Akwai kuma soson da aka yi wa fuska da soson gargajiya aka cusa katifa a ciki, wannan aibin na katifa ne da tsadar na waje.

Duk abin da aka saya, kulawar bayan wanke-wanke ita ke yanke kwanansa. A ɗauraye soso har ruwan ya fita fari, a buga shi a gefen baho guntayen abinci su faɗo, a matse, a rataye a ƙusa inda iska da rana ke samunsa, ba a cikin kwanon sabulu ba. Da damina a riƙe biyu, ana aiki da ɗaya ɗayan na shanya. Sau ɗaya a mako a tafasa soson gargajiya da tsumma minti biyar. In ana zawo da amai a unguwa, ko an wanke abin da ɗanyen kaza ya taɓa, a jiƙa su minti biyar a lita ɗaya ta ruwa da babban cokali ɗaya na bilic irin su Hypo ko Jik, a ɗauraye sosai. Ba kullum ba, don yana cin zaren, kuma soson ƙarfe ba ya shiga bilic. Kada a taɓa haɗa bilic da lemun tsami ko ruwan tsamiya, iskar da ke tashi guba ce. Soson kwanon yara da fida a ware shi da igiya mai wani launi, kada ya haɗu da na tukunya.

Ruwa ma na cikin lissafi, musamman a unguwannin da ruwan Dam ɗin Gubi ba ya kaiwa kullum, ake saye a hannun 'yan garuwa. Baho uku, kowanne da lita huɗu ko biyar, sun isa kwanukan cin abinci ɗaya na matsakaicin gida: na jiƙo, na sabulu, na ɗauraya. A fara da kofuna, sai cokula, faranti, kwanukan miya, tukwane a ƙarshe, in ruwan ɗauraya ya soma gurɓata ya koma na jiƙon tukunya. Kwano mai manja a fara share shi da ɗan dusa, dusar ta tafi wa kaji, maiƙon bai shiga soso ba bai kuma daskare a rariya ba. Jan da manja ke bari a robar kula ba ya jin guga, a wanke a buɗe ta a rana wuni ɗaya zai dushe. Inda ruwan rijiya ke da zartsi, sabulun sanda ba ya kumfa, yana barin fari-fari a gilashi, nan sabulun ruwa ya fi.

Baƙaƙen 'ya'yan nan da aka kakkaɓe daga soso iri ne, a adana su a takarda. In damina ta zauna a watan Yuni, a jiƙa su kwana ɗaya, a shuka biyu ko uku a rami mai zurfin gaɓar yatsa a gindin katanga ko rumfa, a bar taku guda tsakanin ramuka, a ɗaura igiya ta hawa. Yana son rana da taki, kuma ɗan da ya rataya a sama ya fi wanda ya kwanta a ƙasa miƙewa da tsabta. Kada a yi gaggawar cira: sai ɓawon ya koma ruwan ƙasa, ɗan ya yi sakayau, an girgiza an ji 'ya'ya na ƙara, wajen wata huɗu zuwa biyar da shuka. A fasa ƙasan a zazzage irin, a jiƙa minti ashirin ɓawon ya saki, a ɓare, a wanke santsin da ke jiki har ya daina kumfa, a shanya kwana biyu ana juyawa. Tushe biyu masu lafiya sun isa wanke-wanken gida na shekara, har a samu na wanka.